Taswirar Ƙasa Ta Bakwai

A ofishin safiyo, inda ake awon filaye, ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Sau-Ɗaya ake ce masa, shi ma ya fi son haka. Shekara talatin da huɗu yana aiki a sashen zanen taswira, a kan tebur guda, kusa da taga ta biyu, bai taɓa jan layi da fensir ya dawo ya bi shi da tawada ba kamar yadda sauran bayin Allah suke yi. Da tawada yake farawa, da ita yake gamawa. A aljihun teburinsa akwai alƙaluma tara, kowanne da kaurin bakinsa, da rular ƙarfe, da tsumman share bakin alƙalami, amma babu magogi. Wanda ya zo aron magogi, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Wannan kayan masu kuskure ne. Nemi a teburin gaba."

Hannu kam yana da shi, wannan ba a ja. A makarantar mishan ya samo shi, zamanin da ake koyar da rubutu kamar yadda ake koyar da sassaƙa. Tawada tana cikin ɗan kasko a ramin benci, takardar tsotse tawada a gefen littafi, malami yana zagaye aji da rula a bayansa. Yaron da ya ɗiga tawada a shafi, ranar sai dai ya ji ƙarar 'yan'uwansa a filin wasa ta taga. Masu rubutun biro na yanzu, waɗanda shafinsu kamar kaza ta yi tono, ba za su san daɗin ganin layi ya fito baƙi wuluk, siriri, a miƙe, yana sheƙi kafin ya bushe ba. Shekara huɗu a jere ya zo na ɗaya a rubutu. A lissafi na goma sha bakwai ya zo, amma wannan ba ya cikin labarin da yake ba mutane.

Aikin ofishin kashi biyu ne. Masu awo su fita daji da sarƙar awo da fegin da ake kafawa don alama, su sha rana, su rubuta tsawo da kusurwa a littafi. Mai zane yana zaune ƙarƙashin fanka, ya karɓi littafin ya mai da lambobin taswira. Ƙa'idar guda ce: in an zagaye fili, dole layin ƙarshe ya dawo ya sadu da inda na farko ya tashi. In ya sadu, a ce zane ya rufe. In bai rufe ba, to wani ya yi kuskure, kuma ba a ba da sabuwar takarda sai an rubuta sunan mai kuskuren a gindin wadda ta ɓaci. A shekara talatin da huɗu, sunan Malam Sau-Ɗaya bai taɓa sauka a wannan gurbi ba. Da zarar layinsa ya ƙi haɗuwa, sai ya ɗauki jan alƙalami ya rubuta a bangon littafin, "A sake awo." Masu awo su kwashi kayansu su fita, su dawo da la'asar da ƙura a takalma, ya zana a sabuwar takarda, zane ya rufe. Sai ya cire tabarau ya ce, "Kun ga abin da nake faɗa."

Wanda ya fi kowa shan wannan jan alƙalami shi ne ƙanin matarsa, wanda ake kira Mai Sarƙa domin shi ke jan sarƙar awo. Gajere ne, baƙi, mai dariya da duk jikinsa. Ajinsa uku a makaranta ya ga ba za ta kai shi ba, ya fita. Malam ne ya sama masa aikin, bai kuwa bar shi ya manta ba ko da rana ɗaya. Aji-Uku yake kiransa, a gida da ofis. Shi kuma yana ce masa Yallaɓai, da irin muryar da in ba ka san akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa ba sai ka ce za a yi dambe.

Sai kwamfuta ta shigo ofishin. Taswirar da Malam zai kwana tara a kanta, na'ura ta tofo ta kafin shayinsa ya huce. Layin ba shi da rai, haruffan duk uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba wanda ya damu sai shi. Shekarunsa shida na ƙarshe a rubuta sunaye kan takardun yabo ya ƙare su. Ranar da ya yi ritaya aka jera kujeru, aka yi jawabi, sannan aka turo masa kwali. Kwamfutar farko ce da ofishin ya taɓa saya, wadda ta daɗe a sito ƙarƙashin karyayyun kujeru, beraye ma sun gaji da ita. Masu kula da sito wuri suke nema, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Ya kawo ta gida a tasi, ya ɗora a kan teburin cin abinci, matarsa ta ɗinka mata riga.

Shekara biyu tana zaune cikin rigarta. Shekarun nan biyu matarsa, wadda ɗinki take yi a ɗan ɗakin da ke jikin falo, ta ga ta kanta. Mutumin da ya saba gyara wa duniya layi aka sake shi a gida ɗaki uku. Ya auna labule ya ce ɓangaren hagu ya fi tsawo da rabin inci. Ya ce kalandar bango ta karkace. Ya tsaya a kanta tana yanka yadi yana numfashi.

Wata safiya yana binciken kwalin sai ya ci karo da ƙaramin akwati, da faya-fayan kwamfuta biyu a ciki da ɗan littafi. Wasa ne, wani injiniya da ya daɗe da barin aiki ya manta da shi. Turancin mishan ya ishe shi karanta littafin. Wai akwai wani kurkuku a ƙarƙashin ƙasa, kamar bene ne aka kifar, hawa goma, kowanne a ƙarƙashin ɗan'uwansa, cike da dodanni, mai wasa zai ja mutum huɗu ya sauka da su har gindi. Malam ya yi tsaki zai rufe, sai idonsa ya faɗa kan shafi na goma sha biyu. An rubuta cewa wasan ba ya nuna wa kowa hanya. Kowane hawa gida ashirin ne a tsaye, ashirin a kwance, da matakala ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka, kuma wanda bai zana taswirarsa da hannunsa a takarda mai gida-gida ba, zai ɓata. Ya karanta wurin sau uku, yadda ake karanta takardar ɗaukar aiki.

Wasan ba irin na wayoyin yanzu ba ne mai walƙiya da ihu. Baƙin allo ne da koren layuka, suna nuna lungu kamar kana tsaye a cikinsa: bango a dama, bango a hagu, wani lokaci ƙofa. Ka danna maɓalli ɗaya ka yi taku ɗaya, wato gida ɗaya. Ka danna wani ka juya dama ko hagu. Babu kamfas, babu rana. Mutum huɗun, biyu masu takobi ne, ɗaya mai magani, ɗaya matsafi, kuma aka ce ya raɗa musu suna. Ya sa musu Lebura Na Ɗaya, Lebura Na Biyu, Direba da Masinja. Faɗa da dodanni bai taɓa burge shi ba. A wurinsa masu hana ma'aikaci aiki ne, kamar masu zuwa ofis neman ɗan'uwansu. Yakan kashe su da sauri fuska a murtuke, don ya koma ƙirga taku. In ɗaya daga cikin mutanensa ya faɗi, sai ya hau da shi sama wurin magani yana mita, kamar mai sa hannu a takardar hutun rashin lafiya da bai yarda da ita ba.

Ƙarfe takwas na safe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna. Ƙarfe goma shayi. Ƙarfe biyu ya rufe alƙaluma. In an ɗauke wuta a tsakani sai ya ce an shiga taro, ya naɗe hannu ya jira. Matarsa takan leƙo da tef a wuya.

"Maigida, yau ma akwai aiki?"

"Wa zai yi in ban yi ba?"

"Haka ne. Allah ya ba da sa'a. A gaishe da Masinja."

Ita dai labulenta ya huta, ta gode wa Allah.

A wata goma sha huɗu ya gama hawa shida. Ƙasa ta ɗaya, ƙasa ta biyu, haka yake kiransu. Kowace da takardarta, da tawada tun daga layin farko, da kibiyar arewa a kusurwa, da ɗan akwatin bayani a gindi, da sa hannunsa mai wutsiya. Duk shidan sun rufe tsaf. Ya kai an sa musu gilashi da katako. Hoton aurensu ya sauka daga bangon falo, na 'ya'yansu da hular gama karatu ya bi shi, taswirar wurin da babu shi a duniya ta hau. Duk baƙon da ya shigo, ko mai kawo ɗinki ne, sai an zagaya da shi. "Nan rijiya ce. Nan ƙofar ɓoye, taku tara daga matakala. Ka duba da kyau, ko ka ga inda aka goge?" Baƙo ya ce bai gani ba, yana satar kallon ƙofa.

Sai ƙasa ta bakwai.

Farkonta ba abin tsoro. Ka sauko matakala kana fuskantar arewa, ka yi taku biyar a miƙaƙƙen lungu, ka iso mararraba. Lungu huɗu ne, kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa, babu ƙofa, babu alama. Malam ya miƙe gaba, ya ja layinsa arewa. Kwana biyu aiki yana tafiya. A rana ta uku, bayan ya zagaya ya sake ratsa mararrabar, ya ci karo da matakalar hawa a inda taswirarsa ta ce bango ne. Littafi ya ce guda ɗaya ce. Ya ƙirga takunsa, ya ga daidai, ya zana ta. Cikin mako na biyu ya sami ta uku. Daga nan abu ya lalace. Ɗaki ya hau kan ɗaki. Wani lungu ya bi ta tsakiyar wani. Wani kuma ya miƙe ya wuce gida ashirin, ya kai bakin takarda yana neman hanya, har Malam ya yanko wata 'yar takarda ya liƙa a gefe, abin da bai taɓa yi ba tunda uwarsa ta haife shi.

Ranar da ya tabbata zanen ba zai rufe ba, hannunsa da kansa ya tafi ga jan alƙalami. Ya cire murfi. Sai ya tsaya da shi a sama. A sake awo, to wa zai sake? Shi ya taka, shi ya ƙirga, shi ya zana. Babu masu awo da za a tura rana. Lebura Na Ɗaya da Na Biyu suna tsaye cikin allo, ba su da hannun riƙe littafi balle wuyan ɗaukar laifi. Ga sababbin takardu a aljihun tebur, fiye da talatin. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, shi ya fi kowa tsare ta a ofis: kafin sabuwa ta fito, sai an rubuta sunan wanda ya ɓata ta farko. Suna ɗaya ne kuwa a gidan da zai shiga gurbin.

Saboda haka ya yanke cewa kurkukun ne aka gina ba daidai ba. Ya zauna ya rubuta wa kamfanin da ya yi wasan wasiƙa shafi uku, zuwa adireshin da ke bayan littafin, ya yi kwafi biyu. Ya gabatar da kansa da shekarun aikinsa, ya jera kurakuran ginin daga na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya, ya nemi a gyara cikin gaggawa, ya rufe da cewa shi ne nasu mai biyayya. Ma'aikacin gidan waya ya juya ambulan ya ce, "Baba, kana ganin mutanen nan suna nan kuwa?" Malam ya ce masa aikinsa manna kan sarki ne. Amsa ba ta zo ba.

Mako goma sha ɗaya yana zagaye wuri guda kamar akuya a turke. Shayin ƙarfe goma yakan huce a kofi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baƙi suka huta da zagayen bango, domin yanzu in an tambaye shi ta bakwai sai ya ce ana kan bincike. Matarsa ta ga abin ya wuce wasa, ta aika wa ƙaninta, shi ma ya yi ritaya, ya zo ko da tsokana ce ya fito mata da mijinta.

Ranar Laraba da hantsi Mai Sarƙa ya jingine kekensa a ƙofa, ya shigo falo yana share gumi da hula.

"Yallaɓai, an ce ka faɗa rijiya wata uku ke nan, shi ne na zo da guga."

"Aji-Uku, lokacin aiki ne. In gaisuwa ce, yayarka tana ciki."

"Na gaishe ta. Ita ta ce in duba ko da sauran numfashi." Ya ja kujerar da ba a ba shi ba, ya zauna, ya leƙa takardar. "Kai! Wannan taswira ce ko wandon lebura? Har da faci?"

"Ƙari ne."

"To, Allah ya ƙara. Taka in gani."

Malam bai yi niyya ba. Amma mako goma sha ɗaya yana da ƙara babu mai saurare, ko shaida ɗan aji uku ne ya fi babu. Ya kai mutanensa gindin matakala, ya gyara zama.

"Ka ƙirga da kanka, in za ka iya. Arewa nake fuskanta. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Taku na gaba mararraba ce, daga nan in miƙe arewa."

"Tsaya nan. In ka shiga, wa zai gaya maka arewa ce?"

"Wanda bai juya ba yana fuskantar inda yake fuskanta. Wannan ko a aji uku an koyar."

"Ranar ban je ba. Ina feginka?"

"Wane fegi a cikin kwamfuta?"

"Mutanen nan naka ba su da abin yarwa? Ko takalmi ne?"

Akwai wata tsagaggiyar garkuwa a kayan Lebura Na Biyu. Malam ya yar da ita don a rabu lafiya. Ta bayyana a ƙasan allo, 'yar koriyar da'ira.

"Madalla. Yanzu shiga. Kada ka wuce. Juya ka dubi baya."

Malam ya yi taku ɗaya. Allon ya ƙifta yadda yake yi a kowane taku. Ya danna juyi sau biyu, ya fuskanci inda ya fito. Lungu ne fayau, babu garkuwa.

"An sace," in ji Malam.

"Wa ya sace, Masinja? Juya hagu."

Ya juya hagu. Ga garkuwa kwance, taku ɗaya a gabansa.

Suka sake. Suka kuma sakewa. Duk sanda ƙafa ta taka gidan nan na tsakiya, sai a juya mutum dama ba tare da an gaya masa ba, lungunan kuwa kamarsu ɗaya, ido ba ya kamawa. Mai Sarƙa ya kwanta a jikin kujera yana dariya har hularsa ta faɗi.

"Daɓen ne ke juya ka, Yallaɓai! Kai kana can kana arewa, an daɗe da miƙa ka gabas. Matakalar ma guda ɗaya ce. Ka gan ta ta gaba, ka gan ta ta gefe, ka yi mata rajista sau uku!"

"Maguɗi ne," in ji Malam. "Ba a gina daɓe mai juyawa. Babu shi a ƙa'ida."

"Daji ma ba ya karanta ƙa'ida. Sai ka ga bishiya ka rantse ita ce ta jiya. Shi ya sa ba ma barin fegi sai mun waiwaya mun ga na baya. Wata uku, ko tsinke ba ka ajiye ka waiwaya ba?"

"Waiwaye aikin masu awo ne. Kuma da kuna yinsa yadda kake faɗa, da ban shekara talatin ina mayar muku da littafi ba."

Mai Sarƙa ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kaɗe ta a gwiwa. Dariyar ta ragu amma ba ta tafi duka ba.

"Littafin nan da kake mayarwa. Yallaɓai, wai kana tsammani daji muke komawa?"

Malam ya cire tabarau ya dube shi.

"Da fari mun koma. Muka auna, ya fito yadda ya fito jiya. Muka sake, haka. Daga nan muka gane karatun. In ka ba mu jan alƙalami, sai mu tafi bayan tashar mota, akwai wata inuwa mai kyau. Mu kwafe lambobin nan dai, ba ƙari ba ragi, a sabon shafi. Mu yi barci. La'asar ta yi mu shafa ƙura a takalmi mu kawo maka. Ka zana, ya rufe, ka ce mun ga abin da kake faɗa. Wallahi mun gani."

"Ƙarya kake."

"Ba kullum ba, kada in ɗauki alhakinka. Wani lokaci mu ne. Amma rabi da rabi, in na yi maka ragi."

Keken ɗinki ya daɗe da yin shiru a ɗaki. Matar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu.

"Kai, gaisuwa na ce ka zo ko tonon silili?"

"Yaya, shekara talatin ina ɗauke da maganar nan, ta yi mini nauyi." Ya juyo ga mijin yayarsa, ya sassauta murya. "Bar wannan, ya wuce. Ɗauko sabuwar takarda. Ni in ja mutanen, in riƙa kafa fegi, kai ka zana. Hannunka babu irinsa, wannan ko a bayan idonka na faɗa. Kafin ƙarshen mako mun sauka ta takwas. Ni ma ina son in ga abin da ke gindin ramin nan."

Tayi ne na gaskiya, ba tsokana a ciki. Malam ya san haka. Hannunsa ya sauka kan aljihun tebur inda takardun suke, har ya ɗan ja shi. Ƙasa uku suka rage, kowace gida ɗari huɗu da ba a taɓa zanawa ba, aikin shekara guda cur ga mai sonsa. Sai idonsa ya koma gindin takardar da ta ɓaci, kan ɗan gurbin da ke jiran suna. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tura aljihun ya rufe.

"An tashi aiki," in ji shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ne.

Washegari ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna ƙarfe takwas, bai kunna kwamfutar ba. Ya zaɓi alƙalami mafi siririn baki. Ya ja wa takardar iyaka, har da facin. Ya zana kibiyar arewa, ya ƙawata ta fiye da sauran shidan. A akwatin bayani ya rubuta, da rubutun da ya ci na ɗaya shekara huɗu, "An zana daidai da awo. Ginin ne ba ya bisa ƙa'ida." Ya sa hannu. Mai gilashi ya ce wannan sai an yanka mata katako na daban saboda kunnen da ta fitar a gefe. Aka yanka. Ta hau bango kusa da 'yan'uwanta da matakalanta uku.

Kwamfutar bai sake taɓa ta ba. Mutum huɗun suna can inda ya bar su, a mararraba, da garkuwa a ƙasa. Matarsa ta ce tunda ba ya yi, ya ba ƙaninta ya kai gida ya ƙarasa.

"Kayan gwamnati ne," in ji shi. "Ba a ba ɗan aji uku."

Haka ya tsira da sunansa. Har yau Malam Sau-Ɗaya ake ce masa, kuma babu takarda a duniya da ke ɗauke da sunansa a gurbin masu kuskure. Daga takwas zuwa biyu yana zaune a baranda cikin rigarsa mai guga, yana kallon masu wucewa, yana gaya wa wanda ya tsaya cewa aikin yanzu duk ha'inci ne, har wasan yara. Wani lokaci matarsa takan ga yatsansa yana danna hannun kujera, sau huɗu a jere, sai ya tsaya. Sai ta koma kan ɗinkinta.

Mai Sarƙa yana zuwa duk Laraba. In ya gaishe da yayarsa, sai ya shiga falo ya tsaya a gaban ta bakwai, ya naɗe hannu a baya kamar baƙon kirki, ya karkatar da kansa har kunnensa ya kusa taɓa kafaɗa.

"Aji-Uku, me kake yi wa bangona?"

"Karatu nake, Yallaɓai. Ta nan ake ganinta daidai."